Ɗigon da Ba Ya Zuwa Masallaci

Tsiga,
ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko kina cikin mota ne ko kin riga kin sauka Legas. Allah ya tsare miki hanya gaba da baya, ya kau da idon mugu daga kanki, ya haɗa ki da abokan aiki na kirki a asibitin da za ki. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk majinyacin da kika taɓa. Amin.

Na san za ki yi mamaki ki tsinci takarda a ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, alhali kullum muna tsakar gida ɗaya. Na yi ta nufin in faɗa miki da baki, bakin ya ƙi. Kin san halin ubanki, in ana maganar farashin taki sai in cika gida da surutu, amma in abin ya shafi jikina sai in koma kurma. Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika baro shi. Maganar agogon nan ce da kika ɗaura mini a hannu kafin ki tafi.

Kada ki ce na raina kyautarki. Ban raina ba, Allah ya yi miki albarka, kuma gaskiya ɗaya ce, abin yana da ranarsa. In ina kan babur aka kira, ba sai na tsaya lalubar aljihu ba. In hadari ya rufe rana ina gona, shi ke gaya mini azahar ta yi. Ƙwayar hawan jinin nan da kike ta faɗa da ni a kanta, yanzu shi ya karɓi faɗan, yana girgiza mini hannu har sai na sha. Ran nan wayata ta ɓace cikin buhunan masara, na danna inda kika koya mini, sai ga ta tana kuka daga ƙasa. Duk wannan na yarda. Amma kuma kin ƙara mini akuyar da zan riƙa ba dusa, don kullum yunwar caji yake ji, ga wutar garinmu kin san yadda take. Rubutunsa kamar ƙafar tururuwa. Ina cikin sujada ya kama rawa a hannuna. Na wuni a bayan garma har bayana ya ƙage, ina zama sai ya ce in tashi in motsa jiki. Washegari na hau babur na bi ramukan hanyar Funtua ko taku ɗaya ban yi ba, sai ga shi yana yi mini barka da ƙoƙari. Na yi dariya ni kaɗai, na ce kai ma ashe ɗan gari ne, ba ka san wahala ba.

Duk wannan bai isa in ɓata takarda ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata magana da kika yi kina ɗaure mini maɗaurin. Kina dariya kika ce, "Baba, daga can zan riƙa ganinka a wayata. Wallahi in na ga ka kwanta ba ka motsi, Yaya Lawal zai zo ya kwashe ka zuwa Funtua, ka bar gonar nan haka." Kin ga na yi shiru, kika ɗauka fushi ne. Ba fushi ba ne, Ummi. Na taɓa jin maganar nan kusan kalma da kalma, kuma har da bakina a cikin masu faɗar ta.

Kin san Baffanki Bala, yayana, ya rasu a gidan gonarsa na Unguwar Ɗorawa, can wajen hanyar Kafur, lokacin kina makarantar jinya a Zariya. An ce miki ciwon ajali ne, kuma haka ne. Yadda aka yi ne ba ki sani ba, ga shi kuwa kina bukatar ki sani yanzu.

Da zaman ƙauye ya fara ban tsoro, mutanen Unguwar Ɗorawa suka yi ta tashi gida-gida, wasu Funtua, wasu Malumfashi. Baffanki ya ce shi ba inda za shi. Ƙasarsa tana nan, kabarin matarsa yana nan, me zai je ya yi a ɗakin haya, ya zauna yana kallon bango? Ɗansa Nura ya yi lallashi daga Abuja har ya gaji. Ƙarshe ya zo da agogo irin wannan, mai layi a cikinsa, ya ɗaura masa, ya saya masa 'yar sola ta caji. Ya haɗa abin da wayarsa, ya haɗa da tawa. In ka buɗe sai ka ga taswira, ka ga wani ɗan shuɗin ɗigo, wai Yaya ke nan. A gefe kuma ga lamba tana motsi, wai bugun zuciyarsa. A gabana Nura ya ce, "Baba, mun yarda ka zauna. Amma duk ranar da agogon nan ya nuna ka kwanta, mota za ta zo." Ni kuma, da ya kamata in yi shiru, na karɓe na ce, "Ka ji dai, Yaya. Ni ne shaida."

Yaya ya dube mu. Ya ɗaga hannunsa ya duba abin, ya juya shi, ya mayar da hannun cikin riga.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Mun ba shi abu da sunan kulawa, muka mayar da shi ɗan sanda. Mutumin da ya yi shekaru yana tashi da kansa yana kwanciya da kansa, muka gaya masa cewa ranar da ya nuna gajiya ranar zai rasa gidansa. To me kike tsammani zai yi in ya gaji? Ki riƙe wannan a wurin aikinki. Duk wanda kika sa ya ji cewa faɗin gaskiyar jikinsa zai jawo masa hukunci, kin koya masa ɓoyo ne. Tsofaffinmu kuwa ba sai an koya musu ba, da kunyar ciwo aka haife su. Namijin da ya girma a gona zai fi son ya mutu a tsaye da ya ce wa ɗansa ƙirjina na ciwo.

Kafin agogon nan, ba na yin mako ban hau babur na je gaishe shi ba. In kai masa goro da sukari, mu zauna a gindin ɗorawa ya yi ta zagin masu sayar da taki, in dawo da yamma. Da abin ya zo sai na sami sauƙi. Da safe in na idar da lazimi in buɗe waya, in ga ɗigon ya fita daga gida ya nufi gona, lambar tana motsi, in ce alhamdu lillahi, Yaya ya tashi. Hanya ba daɗi, mai ya yi tsada, ga tsoron da ke kan hanyar. Makon farko na ce sai mako mai zuwa. Daga nan kuma ban ƙara ƙirgawa ba. In mutane suka tambaye ni a masallaci, "Yaya mutumin Ɗorawa?" sai in ce garau yake, yau ma na gan shi ya je gona. Na gan shi, haka nake cewa. Allah ya yafe mini, ɗigo na gani.

Kuskure na biyu ke nan, kuma shi ya fi yi mini ciwo domin ba mugunta ba ce, lalaci ne da ya sami hujja. Ummi, gaisuwa ba neman labari ba ce. Da neman labari ce, da wayar ta wadatar. Ana zuwa gaisuwa ne don a ga yadda mutum ya tashi daga tabarma, a ga ko ya cinye abin da ke kwano, a ji ko ɗakin yana warin magani. Babu agogon da zai gaya miki cewa rigar mutum ta yi masa yawa.

Kira kuwa, a ɗakin Yaya babu sabis, sai an fito fili. Saboda haka in na kira ba ta shiga ba, ba na damuwa, in ce ya bar wayar a ɗaki kamar yadda ya saba. Rannan, cikin zafin bazara, ta shiga. Na ce, "Yaya, ina wuni? Ya zafi?" Ya ce, "Lafiya lau. Lafiya lau. Ka gaida yara." Ya kashe. Mutumin da in ya kama ka a waya sai katinka ya ƙare. Tsakanin lafiya lau ta farko da ta biyu na ji yana jan numfashi kamar mai hawan tudu da kaya. Na ji, da kunnen nan nawa na ji. Na buɗe wayar na duba, na ga ɗigon can wajen gona yana tafiya a hankali, na ce to aiki yake yi, shi ya sa yake haki. Ban tsaya na tambayi kaina ba yadda mutumin da ke gona ya ɗauki wayar da kullum take gida. Na gaskata gilashi na ƙaryata kunnena.

Daga lokacin ne ɗigon ya soma wasu abubuwa da ban gane ba. Da can in azahar ta yi yakan koma gida ya daɗe. Yanzu ya daina. Ran Juma'a Yaya ba ya fashin zuwa masallacin ƙauyen da ke gaba da su, ko ana ruwa ko ana rana. Juma'a ta zo, ɗigon bai nufi can ba. Wata Juma'ar ta zo, haka. Maimakon haka, in rana ta take tsaka, lokacin da ko kaza ta nemi inuwa, sai in ga ya bar gona ya gangara tsohuwar maƙabarta. Ya shiga ciki. Ya yi taku kaɗan ya tsaya, ya yi taku kaɗan ya tsaya, yana zagaya kaburbura. Daga nan ya je gindin tsamiyar da ke bakin maƙabartar ya tsaya cik, ba motsi, har rana ta karkata. Lambar zuciyar kuwa tana nan tana bugawa, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa.

Da fari na ce kabarin matarsa yake ziyarta, har na ji tausayinsa. Amma ziyara ba kullum ba ce, kuma ba wanda ke yin ta da tsakar rana. Tsamiyar nan kuwa tun muna yara mahaifiyarmu, wadda kika ci sunanta, ta hana mu bi ta ƙarƙashinta in rana ta take. Ina zaune a zaure, zufa na karyo mini, ina kallon ɗan shuɗin ɗigon nan tsaye a gindin tsamiya a ƙauyen da ba kowa, sai in ji sanyi yana bin bayana. Na ce a raina kaɗaici ya taɓa Yaya, ko kuma wani abin ya taɓa shi. Ban gaya wa Nura ba, don kada ya turo mota Yaya ya ce ni na kai ƙararsa. Na ce zan nemi malami mu je tare. Na yi ta neman ranar da ta dace. Gaskiyar magana tsoro nake ji, ni da furfurata.

Na uku ke nan. Abu ya ba ni tsoro, maimakon in nufe shi sai na zauna ina kallonsa daga nesa ina ba shi fassara. Ki ji ni da kyau. In kin shiga ɗakin majinyata kika ji akwai gadon da ranki ba ya son ki je, can za ki fara zuwa. In kika ji wani abu game da ni da ya sa gabanki ya faɗi, kada ki zauna kina juya shi a rai. Abin da ake tsoro ba ya jira a gama shiri.

Sai wata ranar Talata da hantsi na buɗe waya, na ga ɗigon bai je gona ba, bai je maƙabarta ba. Ya hau hanyar Tsiga. Na murza ido na sake dubawa. Yana tahowa, a hankali, ta tsohuwar hanyar ƙafa da muke bi da kaya kafin a yi titi. Wani irin daɗi ya kama ni har da kunya. Na ce ka ga, Yaya ya gaji da jirana ya taho da ƙafarsa ya kunyata ni. Na sa aka share zaure aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Na aika aka sayo fura da nono, na sa ruwa a randa ya yi sanyi. Na so in hau babur in tarye shi, sai na ce a'a, na san halinsa, zai ce na mai da shi gajiyayye. Na zauna da waya a hannu ina kallonsa yana matsowa. Ya wuce rafi. Ya wuce gonakin bayan gari. Ana kiran azahar ya shigo unguwarmu, ya wuce ƙofar masallaci bai ko rage tafiya ba. Ya karyo kwanar gidanmu. Ɗigonsa ya zo ya hau kan nawa.

Na saurara in ji sallama. Shiru.

Na miƙe na leƙa. Rana ta ƙwalle, layin ba kowa, kowa ya tafi masallaci. A bakin ƙofa Duna ne tsaye, baƙin jakin Baffanki, shi kaɗai, ba mangala ba igiya. Haƙarƙarinsa duk sun fito, bakinsa ya bushe. Na duba dama na duba hagu, har na ce, "Yaya?" Na sake duba wayar, ta ce ga shi nan a gabanka, zuciyarsa na bugawa. Jakin ya dube ni. Sai ya ɗaga ƙafarsa ta gaba ya riƙe ta a sama, kamar mai miƙa hannu a gaisa. A ƙafar akwai tsumma ɗaure, yagin tsohon rawanin Yaya. Na durƙusa na kwance. Agogon ne a ciki, wata 'yar koriyar wuta tana walƙiya a bayansa.

Ina durƙushe a wurin wayata ta yi ƙara. Nura ne daga Abuja, muryarsa cike da murna. Ya ce, "Baffa, na ga tsohon ya zo wurinka yau. Ba ni shi mu gaisa."

Ban san abin da na ce masa ba. Na dai san na ba jakin ruwan da na sanyaya wa Yaya, ya shanye, na hau babur tare da liman muka tafi. Unguwar Ɗorawa tsit, ƙofofi a rufe, ciyawa ta bushe a kan katangu. Tun daga zaure muka san abin da za mu tarar, ba sai na faɗa miki ba, ke ma'aikaciyar jinya ce. Yana kwance a kan tabarma daf da ƙofar ɗaki, ya fuskanci gabas, carbi a hannunsa. Ba ranar ya cika ba, ba kuma jiyanta ba. Kaskon ruwan jakin ya bushe ƙaf, abin da ya koro shi zuwa gidan da ya sani ke nan.

A bakin ƙofar muka karanta sauran labarin. Ga 'yar kujerar tsuguno, ga solar an jingina ta inda rana ke bugawa, ga igiyar cajin. Ƙasan wurin ya yi santsi saboda jan jiki. Ashe tun da ciwon ya kayar da shi, kullum sai ya ja jiki zuwa ƙofa ya yi wa agogon caji, da safe ya kira Duna ya ɗaura masa, ya sake shi. Jaki kuwa ya san hanyar gona. Da kara ya ƙare a gona sai ya koma maƙabarta, don nan ne kaɗai ba mai yankan ciyawa. In zafi ya yi masa yawa ya fake a gindin tsamiya. Iskokin da na yi ta tsoro ke nan, jaki ne yake kiwo. Yayana yana kwance yana fama da numfashi, da sauran ƙarfinsa yana yi mana aike kullum cewa lafiyarsa lau, don kada mu raba shi da ɗakinsa. Mu kuma muna karɓa muna godiya ga Allah.

Bayan an share makoki na ɗauki agogon nan na ɗaura wa taɓarya. Ya yi ɗan jim, sai ga lamba ta fito, wai zuciyar taɓarya na bugawa. Na ɗaura wa ƙafar gado, haka. Ashe irin na arha ne, an yi shi ne ya faɗi abin da mai saye ke son ji. Na jefa shi a masai, ban gaya wa kowa ba. Naki na gwada shi shi ma, kada ki ji haushi, ranar da kika je sallama gidan ƙawarki. Ya fi wancan gaskiya, ya ƙi ba taɓarya zuciya. Amma tafiya, yana ƙirga ta ko a jikin wa yake. Kuma ke da bakinki kin ce mini in maɗaurin ya yi sako-sako ba ya karanta zuciya, kada in damu. Kin ga ke nan kin riga kin tanadar wa kanki bayanin da za ki yi ranar da lambar ta ɓace.

Yanzu ga abin da ya sa ban bari sai kin dawo hutu ba. Kin san Duna yana wurina tun rasuwar, kin sha ba shi dusa. Kin taɓa tambayata me ya sa kullum da safe yake zuwa ƙofar ɗakina ya ɗaga ƙafa, na ce miki tsufa ne, sanyi ke damunsa. Ba sanyi ba ne. Jira yake a ɗaura.

Shekaranjiya, kina can kasuwa kina sayen tsarabar tafiya, na tashi zan fita sai ƙirjina ya riƙe, kamar an ɗora mini buhu. Jiri ya ɗebe ni, na zauna a bakin ƙofa. Ba wannan ne karo na farko ba, tun farkon damina yake yi mini haka, na ɓoye miki. Ina zaune ina jiran ya sake ni, maganarki ta dawo mini, Yaya Lawal zai zo ya kwashe ka. Na tuna ɗakin yayanki Lawal a Funtua, da ƙarar keke napep tun asuba, na tuna audugata da ta fara fure. Sai na ji inuwa a kaina. Duna ne ya zo ya tsaya, ya ɗaga ƙafa. Ummi, ban san lokacin da yatsuna suka kai kan maɗaurin ba. Na riga na zare harshen daga raminsa kafin in farga. Ni da na wanke Yaya da hannuna, ni da na san ƙarshen hanyar nan. Na yi ta'awizi na mayar, na kori jakin, na zauna ina kuka kamar yaro. A ranar na daina jin haushin Baffanki, domin na gane ba taurin kai ba ne, abin yana da sauƙi ƙwarai.

To ga shi na faɗa. Ƙirjina na ciwo. Ban taɓa rubuta magana mai nauyin wannan ba. Na kira Lawal ɗazu, gobe in Allah ya kai mu zai zo ya kai ni asibiti a Funtua a duba ni, in dawo gidana. Kada ki sauka daga mota, kada ki juyo, aikinki ki kama shi da kyau, shi ma addu'ata ce Allah ya karɓa.

Abin da nake roƙo a wurinki kaɗan ne. Ki janye maganar nan ta kwashe ni. Ki kira ni ki ce kin janye, in ji da kunnena, don in na kwanta in iya kwanciyata a fili ba tare da tsoron mota ba. In ranar barin gona ta zo, mu zauna mu yi maganar kamar mutane, kada agogo ya yanke mana. Ki riƙa kira, kuma kada ki saurari abin da nake faɗa kawai, don na iya lafiya lau kamar kowane tsoho. Ki saurari abin da ke tsakanin kalmomin. In na gaishe ki na kashe ban yi miki ƙorafin taki ba, akwai magana. Ki karɓi lambar liman a wurin Lawal, lokaci-lokaci ki tambaye shi ko ya gan ni a sahu, shi da ido yake gani. In kin sami hutu ki zo, ko da wayarki ta ce ina tsalle.

Agogon yana hannuna, zan ci gaba da ba shi cajinsa, ya ci gaba da yi mini faɗan magani. Na yi miki alkawari ba zan cire shi ba sai don alwala da caji. Amma na san wanda ya yi alkawarin, tsoho ne mai kunya, ƙanin Bala, uwa ɗaya uba ɗaya. Lawal ya ce a sayar da Duna, na ƙi, ba zan iya ba, shi kaɗai ya zo ya gaya mini. Saboda haka yana nan, kuma gobe da safe zai zo ƙofa kamar kullum.

Ki duba wayarki yadda kike so, ban hana ki ba. Sai dai kada ki duba ko ina motsi. Ki duba inda nake zuwa. Duk ranar da kika ga ɗigon nan yana yawo lafiya lau, ya je gona ya dawo, aka kira salla ya wuce ƙofar masallaci bai tsaya ba, kada ki tsaya kirana. Ki nemi mota.

Allah ya tsare ki a inda ba idona, ya tsare mutuncinki da addininki, ya ba ki haƙuri da mutanen da ba ki san halinsu ba. Allah ya jiƙan mahaifiyarki da Baffanki, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani, a gaban mutane. Ki ci abinci, ki rufe ƙofarki, ki gaida duk wanda ya yi miki alheri a hanya. Ina jiran kiranki in kin sauka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki.